Cinikin Masu Jifa da Halin Ƙananan Ƙungiyoyi a Besbol na Amurka

Duk wanda ya yi nazarin wasan besbol na ƙasar Amurka zai tarar babu ɗan wasan da ake tsananin bukatarsa, ake kuma fargabar sayensa, kamar mai jifa, domin kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, ba ta kuwa da hanyar fita kunya sai ta tanadi mutum biyar masu fara jifa bi da bi, ban da waɗanda ke zaune suna jiran a kira su idan hannun na farko ya gaji.

A da can ɗan wasa ba shi da ta cewa a kan makomarsa, saboda wani sharaɗi da masu ƙungiyoyi suka ƙulla tun 1879, wanda ya ɗaure shi ga ƙungiya guda har sai ta sayar da shi ko ta sallame shi. Ɗan wasa Curt Flood ya kai ƙarar wannan sharaɗi har Kotun Ƙoli, aka kayar da shi a 1972. Masu jifa ne suka tsinke igiyar. A ƙarshen 1974 aka yanke hukunci cewa mai ƙungiyar Oakland ya saɓa alkawarin da ke tsakaninsa da Catfish Hunter, shi kuwa ya koma New York Yankees a kan fiye da dala miliyan 3. Bayan shekara guda alƙalin sulhu Peter Seitz ya saki Andy Messersmith da Dave McNally, daga nan aka daidaita a 1976 cewa wanda ya cika shekara shida a babbar gasa yana da ikon sayar da aikinsa ga wanda ya ga dama.

A cikin waɗannan shekaru shida mas'alar take. Ƙungiyar ƙaramin gari, irin su Pittsburgh da Milwaukee da Tampa Bay, wadda kuɗin talabijin ɗinta bai kai ya kawo ba idan an gwada da na Los Angeles Dodgers, da suka ƙulla cinikin fiye da dala biliyan 8 na shekara 25, ta san tun ran da yaro ya fara jifa cewa aro aka ba ta. Saboda haka sai ta rene shi, ta ci moriyar ƙuruciyarsa da araha, in wa'adi ya gabato ta musanya shi da samari biyu ko uku tun bai tafi a banza ba. Pittsburgh ta zaɓi Gerrit Cole na farko a 2011, ta miƙa shi ga Houston a 2018, kafin 2019 ta ƙare Yankees sun ɗauke shi a kan dala miliyan 324 na shekara tara. Tampa Bay kuwa ta mai da abin sana'a: ta musanya David Price a 2014, Blake Snell a 2020, 'yan watanni bayan ya kai ta wasan ƙarshe, sannan Tyler Glasnow a 2023. Talauci ya koya mata hikima, don ita ce a 2018 ta yaɗa dabarar sa mai jifa na ƙarshen wasa ya buɗe shi, har manya suka kwaikwaya.

Mutane da yawa suna zaton fifikon mawadata shi ne iya biyan farashi. A ganina ya fi nan zurfi, wato iya jure asara. Sayen hannun mutum mai shekara talatin har tsawon shekara bakwai ciniki ne mai garari ƙwarai, irin wanda malaman fiƙihu ke tsoratarwa a kansa, tun da jijiyar gwiwar hannu ba ta yin sallama kafin ta tsinke, aikin tiyatar da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John a 1974 kuwa yakan kwantar da mutum fiye da shekara. Washington ta ba Stephen Strasburg dala miliyan 245 a 2019, bai jefa mata zagaye 32 ba bayan haka har ya yi murabus. Milwaukee ta rabu da Corbin Burnes a 2024, magoya baya na ƙorafi. Daga baya Arizona ta saye shi a kan miliyan 210, a watan Yuni na 2025 aka yi masa wannan aiki. Irin wannan musiba Dodgers za su shanye ta su sayi wani, alhali ƙaramar ƙungiya za ta yi shekaru tana ɗingishi.

An kafa haraji a kan masu wuce haddi wajen biyan albashi, wanda iyakarsa ta kai dala miliyan 241 a 2025, ana kuma raba wani kaso na kuɗin shiga tsakanin ƙungiyoyi, sai dai mawadata suna biyan harajin ba tare da sun ji a jikinsu ba, kuma ƙungiyar 'yan wasa tana zargin wasu masu ƙananan ƙungiyoyi da soke kasonsu a aljihu maimakon sayen 'yan wasa, zargin da ban ga ya rasa hujja ba. Masu ƙungiyoyi suna son a ƙayyade albashi kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando, 'yan wasa kuwa sun ƙi tun 1994, shekarar da yajin aiki ya hana a buga wasan ƙarshe gaba ɗaya, yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 2022 kuma wa'adinta Disamba 2026 ne.