Awo Ba Mudu: Sharhi Kan Lissafin Kullum Na Ƴan Lakwal



Duk mai yaro a aji CI ko CP ko CE ya san ƴan littattafan nan na aikin lissafi da suka yawaita a hannun yara nan Maraɗi. Wasu a teburin masu sayar da littattafai ake sayensu, wasu kuma mushe ne ke bugo takardun ya raba wa aji. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Kowace rana da shafinta: layin tarawa, layin ɗebewa, in an ɗan yi nisa a shiga ninkawa da rabawa, sannan can ƙasan shafi a liƙa ɗan abin awo, na tsawo ko na nauyi ko na kuɗi. Yanzu har makarantar dare ta masallaci yara ke shigowa da su, suna cikewa kafin a fara karatu, wasu iyaye kuma sun fara roƙon a ware wa abin lokaci a islamiyya. To tun da ya shigo mana gida, ya dace mu dube shi, mu faɗi alherinsa, mu kuma faɗi aibinsa.

Alherinsa ba ɓoyayye ba ne, kuma mu ne ma ya kamata mu fi kowa gane shi. Kaɗan-kaɗan kullum, ai shi ne tsarin allo. Ba wanda ya taɓa haddace izu guda a zama ɗaya, kuma mahaddacin da ya bar tilawa wata uku ya san abin da ke samunsa. Lissafi ma haka yake. Yaron da ke taɓa lambobi minti goma sha biyar kullum ya fi wanda ake tsarewa awa uku ranar Lahadi da bulala a gefe. Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Haka nan dabarar nan ta lakwal, inda mushe zai faɗi lissafi da baki, ya bugi tebur, kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa, ya sake bugawa kowa ya ɗaga sama, dabara ce mai kyau ƙwarai, don cikin ƙiftawar ido malami ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓace, ko da yara sun yi yawa. Wanda ya ce a jefar da waɗannan littattafai, ban bi shi ba.

Inda nake da magana shi ne abin da ake sa yaro ya maimaita. Mu fara da kuɗi.

Littafi zai ce: uwa ta ba yaro 500 F, ya sayo sabulu na 325 F, nawa ya rage? Amsa 175 F. Daidai ne. Amma a wace kasuwa yaron nan ya taɓa jin an ce 325? Mu da dala muke ƙirga, dala kuwa tamma 5 ce. Abin da littafi ya kira 500, a bakinmu ɗari ne. Abin da ya kira 325, sittin da biyar ne. Canjin kuwa talatin da biyar. Kuɗin da aka rubuta wa 100 a jiki, ashirin muke ce masa, na 250 hamsin, takardar 1000 kuma jika. Wato yaro na rayuwa da ƙirga biyu a lokaci guda, ɗaya a kunne ɗaya a takarda, kuma littattafan da na duba ba su ko nuna sun san da wannan ba, balle su ɗora masa gada tsakaninsu.

Sakamakon muna ganinsa. Yarinya ƴar shekara takwas mai tallan ƙosai za ta karɓi kuɗin mutum biyar a jere, ta ba kowa canjinsa, ko dala ba ta ɓata, ta koma gida ta yi wa uwarta lissafi ya cika. Washegari a aji a ba ta wannan lissafin da lambobin takarda, ta samu sifiri. Daga nan sai a ce ba ta da kan boko, kuma mun san inda wannan magana ke ƙarewa ga ƴaƴa mata: a gida. Alhali yarinyar nan ta fi littafin iya lissafi. Abu ɗaya ya rage mata, a zaunar da ita a nuna mata cewa duk abin da ta sani da dala, in ta ninka shi sau biyar ta samu na takarda, in ta raba na takarda gida biyar ta dawo nata. Yaran wasu ƙasashe sai an ƙirƙiro musu dalilin koyon ninkawa da biyar. Namu ga dalilin a aljihunsu, an tsallake shi.

Amma babban aibin yana wajen awo. Da yaro ya kai CE sai a zana masa jadawali mai gida bakwai, daga kilomita har milimita, a ce ya mai da mita 3 santimita, ya mai da hektomita 4 dekamita. Sai ya koyi dabarar: a rubuta lamba a gidanta, a cika sauran gidaje da sifiri. Yana yi, yana ci, ana sa masa hannu da jan biro. Yanzu ka kira wannan yaro ka ce ya nuna maka da hannunsa tsawon mita guda. Ka tambaye shi ƙofar masallacin nan ta kai mita biyu ko ba ta kai ba. Ka miƙa masa buta ka ce lita nawa take ci. Sai ya tsaya yana kallonka. Ya yi wata da watanni yana awo bai taɓa auna komi ba. Ni kam har yau ban ji wani tela ko magini ko mai gona ya ambaci dekamita a bakin aikinsa ba, amma an ba ta gida daidai da mita, wadda kowa ke bukata.

Kar a ce ba kayan aiki. Igiyar awon tela na nan a kowace unguwa. Kwalbar lita na bakin hanya wajen masu mai. Ledar ruwan sanyi rabin lita ce, biyu su cika kwalbar, yaro ya zuba ya gani da idonsa. Sikeli na wajen mai shago. Kuma kafin duk waɗannan akwai jikin yaron kansa, akwai taki da kamu da gaba. Sa yara uku su auna tabarma ɗaya da takinsu, wannan ya ce goma sha biyu, wancan ya ce sha huɗu, su yi ta gardama. To a cikin wannan gardamar ne za su gano da kansu dalilin da ya sa mutane suka yarda da ma'auni ɗaya wanda ba ya canzawa da girman ƙafar mai awo. Wanda ya gane wannan, in aka ba shi mita ya san amfaninta. Har ya iya gane cewa yadin da ake sayar da atamfa da shi bai kai mita ba, ya gaza ta da wajen santimita 9, abin da manya da yawa ba su lura da shi ba.

Akwai kuma wani ruɗani da littattafan ba su taɓo ba, na harshe. Yaro na cewa tamanin a gida, a lakwal a ce masa ashirin huɗu, don haka Faransanci ke faɗin 80. A darasin Larabci kuma 25 sai an fara faɗin biyar kafin ashirin. Ga siffar lambobi: biyar ɗin littattafan Larabci kamar sifirin boko take, shidansu kamar bakwai ɗin boko. Ɗan madarasa na ɗauke da duk wannan a ƙaramin kansa. In ya rikice, a yi masa uzuri, a jera masa su gefe da gefe ya gani.

Yanzu bari in juyo gida, don ba lakwal kaɗai ke da wannan laifi ba. Mu ma a zaurukanmu awo ba mudu muke yi. Ɗalibi zai karanta babin zakka a Risala, ya faɗa maka tiryan-tiryan cewa sa'i mudu huɗu ne da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasaƙi sa'i 60, nisabin hatsi wasaƙi 5, wato sa'i 300. Madalla. Ranar jajibirin salla ka ce ya fitar wa gidansu zakkar fidda kai, sai ido ya raina fata. Shin ya taɓa riƙe mudun a hannunsa? Ya san mudun kasuwa da ake awo da shi tsallaken iyaka, wajen Jibiya da Katsina, ba shi ne mudun Annabi ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya? Ya san tiyarmu ma ba ɗaya take ba daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma akwai awo mai tozo akwai shafaffe? Kowace shekara sai an yi ta tambayar liman sa'i kilo nawa ne, wannan ya ji wata amsa, wancan ya ji wata, har a fara zargin malamai da saɓani. Alhali sa'i awon cika ne, kilo kuwa awon nauyi. Cika ƙwarya ɗaya da gero ka ɗora a sikeli, juye ka cika ta da gyaɗa mai ɓawo ka sake ɗorawa, nauyin ba zai zo ɗaya ba. Wannan darasi ne da ɗan shekara bakwai zai gane cikin minti biyar in an bar shi ya taɓa, ga shi kuwa magidanta na ta faman tuntuɓe a kansa.

Abin ba ƙarami ba ne. Addinin da ya sa wa sura guda sunan masu tauye mudu, ya ba mu labarin yadda aka halaka mutanen Madyana bayan Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi ta yi musu gargaɗi kan mudu da sikeli, ba zai yarda mu tashi yaran da ba su san cikakken awo daga tauyayye ba. Wanda bai iya awo ba, ko a cuce shi bai sani ba, ko ya ci haƙƙin wani bai sani ba. Ga zakka: ɗaya cikin goma a hatsin damina, ɗaya cikin ashirin a wanda aka sha wahalar ban ruwa, ɗaya cikin arba'in a kuɗi in sun kai nisabi shekara ta zagayo, wato dala biyar a kowace jika. Ga gado da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, a kasa dukiya 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa 17. Gidaje nawa zumunci ya lalace saboda ba mai iya bin wannan lissafi da kansa, kowa na zaton an yi masa ƙwange? Magabata ba su raba ilimin nan biyu ba. Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado ya yi shi. Mu kuwa mun kai inda in aka ce wane malamin hisabi ne, duba ke fara zuwa zuciyar mutane.

Sai dai a yi hattara da gyaran fenti. Na ga masu cewa a musuluntar da littattafan, inda aka ce mangwaro biyar a ce carbi biyar, inda aka sa sunan bature a sa na Musulmi. Wannan bai gyara komi ba, yaro na nan dai yana cika gidaje da sifiri. Haka kuma ban ce a bar mita da kilo da lita a koma taki da tiya ba. Jarrabawa da su ake yi, a asibiti da kilo ake auna jariri, maganin ruwa da mililita ake ba shi, kuma uwar da ba ta san bambancin 5 da 15 a jikin murfin magani ba tana cikin haɗari. Yaro na bukatar duka biyun, da hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Saboda haka ga shawarata ga kwamitin makaranta, in har za a ware lokacin da iyaye ke nema. Shafin littafi ya tsaya a lakwal da gida, ba sai mun maimaita shi ba. Namu minti goma sha biyar ɗin ya zama na hannu. Yau a kasa ƙwallayen dabino 24 gida biyu, gida uku, gida shida, gida takwas, a ga nawa ke faɗawa kowane gida, ba sai an ambaci gado ba, lokacinsa na zuwa. Gobe a ƙirga mutanen gida a ninka da huɗu, mai mutum 7 ya gano mudu 28 ne a kansu. Wata rana a kafa sanda a farfajiya tun kafin azahar, a shata inuwarta lokacin da ta fi gajarta, a dawo a ga lokacin da ta ƙaru da tsawon sandar, su ga shigar la'asar da idonsu. Manyan cikinsu a ba su izu 60 mai sumuni takwas-takwas, su nemo kwana nawa mai sumuni guda a rana zai yi kafin ya sauke, a ga wa zai fara kawo 480. A tambaye su me ya sa azumi ke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, a ba su 365 da 354 su ɗebe.

Kayan da za a nema ba su da yawa: igiyar awo ɗaya, kwalbar lita, tiya, ƙaramin sikeli ko da na aro ne, da mudun Annabi wanda liman ya duba ya tabbatar. A ajiye su a akwati guda a ɗakin ladan, mabuɗi a hannun malamin ƙananan yara. Lokacin kasuwa-kasuwa kuma, ranar da za a yi wasan saye da sayarwa da dala da tamma, a sa ƴan matan nan masu talla su riƙe teburin.