Dokin da Bai Yi Tsalle Ba: Sharhi a Kan Fim Ɗin Queen of Katwe

Wata Asabar shugaban sashenmu ya tura ni ɗauko rahoton gasar darar Turawa da aka shirya wa ƴan koyo a zauren wata makaranta a nan Damagaram. Ƴan wasan sun fito daga garuruwan jiha, yawancinsu ɗalibai da malamai, sai ƴan kasuwa biyu ko uku. A zagayen ƙarshe na tsaya bayan wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, yana karawa da wani magidanci. Ni da na iya wasan sama-sama, sai da na hango abin da ke gabansa: in dokinsa ya yi tsalle ɗaya, zai tsare sarkin abokin karawarsa ya kuma auna sarauniyarsa a lokaci guda. Dole sarki ya kauce, sarauniya ta tafi. Duk wanda ke tsaye a wurin ya gani, amma doka ta hana ɗan kallo ko gyaran murya. Yaron ya miƙa hannu, ya wuce dokin, ya cinye wani ƙaramin soja a gefe. Bayan rabin awa aka cinye shi.

Da yamma na shiga ɗakin watsa shiri na karanta sunan zakara da kyautar da ya samu. Yaron da dokinsa ban ambace su ba. Wannan laifin nawa shi ne na sake gani a fim ɗin Queen of Katwe, shi ya sa nake wannan rubutu.

Fim ɗin ya fito a 2016, Mira Nair ce ta ba da umarni, an kuma gina shi a kan littafin Tim Crothers. Labarin Phiona Mutesi ne, yarinya mai tallar masara a Katwe, unguwar talakawa a Kampala ta ƙasar Yuganda, wadda ta fara zuwa ajin darar Robert Katende saboda kokon da ake rabawa. Madina Nalwanga ce ta fito a matsayin Phiona, David Oyelowo ya zama Katende, Lupita Nyong'o kuma uwarta Harriet.

Ba zan rage wa fim ɗin haƙƙinsa ba. Bai kawo wani Bature ya ceci yaran Afirka ba, ɗan ƙasa ne ya koyar da su. Talaucin da ya nuna ma ba na neman tausayi ba ne, irin wanda muka sani ne: kuɗin haya, kuɗin asibiti, ambaliyar da ke shiga ɗaki. Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da yaran suka je gasa a King's College Budo, makarantar ƴaƴan masu hali, aka ba su gadaje amma aka wayi gari suna kwance a ƙasa. Haka kuma bayan nasarar Phiona a gasar yara ta Juba a 2009, ta dawo gida ta kasa sake zama daidai da rayuwarta ta da. Duk wanda ya taɓa fita ƙauye zuwa makarantar kwana ya dawo hutu ya san wannan ciwon.

Ƙorafina yana kan allon wasan. A gasar duniya ta 2010 a Khanty-Mansiysk ta ƙasar Rasha, Phiona ta sha kashi a hannun ƴar Kanada, ta fice tana kuka cikin dusar ƙanƙara. An nuna mana fuskarta, an sa kiɗa mai sanyaya jiki, Katende ya bi ta yana lallashi. Abin da ba a tsaya aka fahimtar da mu ba shi ne a ina wasan ya kuɓuce mata. Wane motsi ne, me ta hango, me ya ɓace mata? Mai kallo ya tashi da sanin cewa ta ji zafi, bai san abin da ta koya ba. Fim ɗin ya ɗauka ba za mu gane ba, kamar yadda ni ma na ɗauka masu saurarena ba za su gane ba.

Wani zai ce ai fim ba aji ba ne, wa zai zauna ana yi masa darasin dara a majigi? Amsata ita ce kuskuren da aka bayyana shi da kyau ya fi kowane kiɗa taɓa zuciya. A 2014 a Sochi, a wasa na shida na kambun duniya, Magnus Carlsen ya matsar da sarkinsa inda bai kamata ba a motsi na 26. Da Viswanathan Anand ya ci sojan tsakiya da dokinsa, zai samu damar tsare sarkin a tsakiyar musayar, ya fita da ribar sojoji. Anand, wanda ya riƙe kambun duniya sau biyar, bai gani ba. Ya yi sauri ya tura sojansa na gefe. A lokacin maki ɗaya suke da shi. Carlsen ya ci wannan wasan, ya kuma riƙe kambunsa da maki shida da rabi, Anand na da huɗu da rabi. Ga shi na ba da labarin cikin ƴan layuka, kuma ko wanda bai taɓa riƙe ɗan dara ba ya ji nauyinsa. Dalilin kuskuren ma ba ɓoyayye ba ne: mutum in ya ƙulla shiri a ransa, idonsa na bin shirin, ba ya sake duba abin da abokin karawa ya sauya yanzu-yanzu.

Abin da ya sami yaron Damagaram ke nan. Bayan an tashi, wani tsohon malami ya sake jera ƴaƴan darar, ya ce masa, "Ɗana, duba nan." Yaron ya ce, "Malam, ina sakin hannu na gani." Da na sani ƙeya ce, amma a wannan wasa da ita ake ƙwarewa, domin ƴan wasa kan rubuta motsinsu su koma su binciki inda suka zame. Wannan zaman na minti biyar shi ne ainihin labarin ranar, ni kuwa na bar shi a zauren.

Shawarata ita ce a kalli Queen of Katwe, a kuma nuna wa yara, musamman ƴan mata. Amma marubutanmu da masu shirya fim da mu ƴan radiyo, in za mu ba da labarin faɗuwa, mu daina tsayawa ga hawaye kawai, mu nuna wurin da ƙafa ta zame. Yaron da ya ji cewa Anand ma dokinsa ya taɓa ƙin tsalle, zai fi saurin dawowa gasa ta gaba. Ni dai na roƙi a ba ni minti goma a shirin wasanni idan gasar ta zagayo, kuma da wanda aka cinye zan fara hira.