"Motsa Jiki" a Matsayin Fassarar "Jimnastik": Tsokaci

Kalmar da Turawa ke kira jimnastik asalinta Girkanci ce, daga gymnos, wato "tsirara". Girkawan da can tuɓe tufafi suke yi kafin su shiga fagen gudu da kokawa, shi ya sa suka kira filin gymnasion, horon kuwa gymnastike. Aflatun, a littafinsa na Jamhuriya, ya ɗauki wannan horo rabin tarbiyyar yaro ne: shi domin jiki, kiɗa da waƙa domin rai.

Masu fassara a gidajen rediyo da littattafan makaranta sun saba kiran wannan fanni "motsa jiki". Tilas a yaba musu a kan kauce wa tsiraici, domin babu uban da ke cikin birnin Zariya da zai tura ɗansa Kwalejin Alhudahuda darasin tsirara. Amma sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. "Motsa jiki" ta yi faɗi ainun. Dattijon da likita ya ce ya riƙa takawa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana motsa jiki yake yi. Haka ma Nadia Comăneci, wadda ta ci maki 10 cif a Montreal a 1976. Kalmar da ta haɗa waɗannan biyu a inuwa ɗaya ba ta gaya wa mai sauraro kome ba. "Atisaye" kuwa, da aka aro daga Ingilishi, ta riga ta zama ta soja.

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai alkafura, wadda yaran kowace unguwa ke yi a kan yashi ba tare da malami ba. Akwai langa. Ɗan kokawa da ɗan dambe ma sukan tuɓe riga su shiga fage, abin da Bagirke zai gane nan take. Wato al'adar tana nan, sunan ne aka yi kasalar nema.

Jamusawa sun taɓa fuskantar wannan matsala. Friedrich Ludwig Jahn, wanda ya buɗe filin horo a Berlin a 1811, ƙin kalmar Girkanci ya yi, ya ƙirƙiro Turnen, kuma ta zauna. Da za a ce "wasan alkafura" ga jimnastik, a bar "motsa jiki" ga dattijon Ƙofar Doka, da ɗalibi ya san abin da ake nufi tun kafin malami ya buɗe baki.