Bijimin da Aka Zaɓa Saboda Uwarsa

Baƙon kiwo idan ya shiga kara ranar kasuwa, bijimin da ya fi tozo da faɗin ƙirji zai nuna. Makiyayin da nono ne abin nemansa kuwa, uwar bijimin yake fara tambaya. Tana cika ƙwarya da safe? Wata nawa ake tatsarta kafin ta ƙafe? Idan rani ya tsananta tana riƙe jiki, ko zubewa take yi? Tana tsayawa mai tatsa, ko sai an ɗaure mata ƙafa? Bijimi dai ba ya ba da nono, amma 'ya'yansa mata su ne garken gobe, kuma hantsar kakarsu sukan ɗauko.

A yankin Matsinkai, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wannan gwaninta tana da wahala ta musamman, domin ƙasa ce ta mahaɗa. Ga fadamun kogin Kwara da ke janyo garkuna da rani, ga iyakar Benin kusa. Akwai Bokoloji, wato Gudalin Sakkwato, masu gajeren ƙaho da sakakkiyar fata da sanyin hali, waɗanda suke cikin shanun gida mafiya nono. Akwai fararen Bunaji, da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho. Daga kudu da ƙetaren iyaka kuma akwai ƙananan shanun Borgu, da suka fi jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabba. Duk a mashaya ɗaya suke haɗuwa. Yaro ya yi gyangyaɗi a inuwa, baƙon sa ya hau saniyar da ta nemi barbara, shi ke nan, an ɓata jinin da aka yi shekaru ana tacewa.

Saboda haka gidan da ya riƙe jinsi ɗaya tsantsa, ba sa'a ce ta ba shi ba. Maruƙa maza da ba su cancanta ba a dandaƙe su, su tafi huɗa ko kasuwa. Saniyar da ta fara neman namiji a sa mata ido. Bijimi komai kyansa, idan 'ya'yansa suka isa barbara sai a sauya shi, a karɓo wani daga dangi masu irin jinin, don kada ya hau 'yarsa iri ya lalace.

Abin da ya fi burge ni shi ne jiran. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki. Karsanar da ta haifa, a kiwon daji, takan kai kimanin shekara huɗu kafin haihuwar fari. Ke nan mutum ya zaɓi bijimi bana, sai bayan kusan shekara biyar ƙwarya za ta gaya masa ko ya yi daidai. Zaɓi nawa ne zai ga ƙarshensa a rayuwarsa? Shi ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Uba ya fara, ɗa ya ci gaba, kuma karsanar da aka ba jariri ranar suna tana iya zama tushen garkensa.

Turawan Ingila sun fara buga littafin asalin shanunsu na Shorthorn a 1822. A ruga, littafin yana cikin kai. Kowace saniya da sunanta, sau da yawa daga launinta, kuma ana jero asalinta ta wajen uwa kamar yadda ake jero na mutane. Rabin wannan sani a hannun mata yake, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. Su suke kaɗa nono, su suke kai shi kasuwa, don haka su suka san wadda nononta ya fi mai, da wadda yawa kawai gare ta. Mai gida mai hankali ba ya sayar da karsana bai ji ta bakin uwargida ba.

Hukuma ma ta bi wannan hanya. A Tukunus, kusa da Filinge a Nijar, tun 1954 ake tace shanun Azawak don nono. A Shika ta Zariya kuma an daɗe ana haɗa Bunaji da Friesian, shanu masu launin baƙi da fari 'yan asalin Holand. Ruwa-biyun suna ba da nono fiye da na gida, babu musu, amma suna son inuwa da dusa da magani a kai a kai, kuma kaska da zafin watan Afrilu ba sa raga musu. Bokoloji kuwa za ta ci ciyawar burgu a fadama, ta lasa kanwa, ta yi tafiyar yini ta dawo da abin tatsa.

Ko wurin tatsar akwai hukunci. Saniyar gida ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, don haka ake kwance maraƙi daga dangwali ya fara tsotsa, sannan a janye shi. Nan ake gane gwani. Mai haɗama zai tatse hantsa ƙaf, ƙwarya ta cika yau, maraƙin ya tsumbure. Gwani kuwa yakan ɗaga hannu tun da saura, musamman idan maraƙin mace ce daga jinin da yake so, ya sake ta ta koma gindin uwarta.