Jinjina ga 'yan damben da ke riƙe harshensu

A gasar UFC, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa cikin keji, baki ne ke sayar da tikiti. Conor McGregor ya tara dukiya da cika baki da gori, matasa da yawa kuma suka ɗauka hanyar kenan. Ni dai waɗanda nake jinjina wa su ne masu hawa su yi aikinsu, su sauko da mutuncin abokin karawa a hannu.

A Satumbar 2019 a Abu Dhabi, Khabib Nurmagomedov ya shaƙe Dustin Poirier har ya sallama. Nan take suka yi musayar riguna, Khabib ya kuma tallafa wa gidauniyar agaji ta Poirier. A Oktoban 2020, bayan ya kayar da Justin Gaethje, Khabib ya durƙusa yana kukan rashin mahaifinsa. Gaethje, wanda bai daɗe da farfaɗowa daga suman da ya yi a karawar ba, shi ya je ya durƙusa kusa da shi yana ba shi haƙuri.

Irin wannan hali a ɗakin horo ake gina shi, shekara da shekaru, inda babu kyamara. Can ake koyon sakin hannun mutum da zarar ya buga alamar sallamawa, ko da jini na tafasa. Can abokan atisaye, waɗanda ba wanda ya san sunansu, ke ba da wuyansu da gwiwoyinsu amana kullum. In da babu wannan amana, ba uwar da za ta bar ɗanta ya je koyon wasan.