Kura da Shan Bugu: Muryar da ke Bayan Fuskar 'Yar Wasa

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In da za a nemi inda wannan karin magana ya zauna daram, to sai a leƙa bayan fagen finafinan waƙa, domin kuwa sau da yawa fuskar da muke kallo daban, muryar da muke saurare kuma daban.

Bari mu ɗauko misali daga Amurka. A 1964 kamfanin Warner Bros ya fito da fim ɗin My Fair Lady. Tauraruwarsa, Audrey Hepburn, ta sha wahalar koyon waƙoƙin, har an naɗi muryarta, amma daga baya aka sauya mafi yawansu da muryar wata mawaƙiya, Marni Nixon, wadda ba a ko rubuta sunanta a fim ɗin ba. Ita ce kuma ta yi wa Deborah Kerr waƙa a The King and I (1956) da Natalie Wood a West Side Story (1961). Fim ɗin ya cinye kyautar Oska 8, amma da labarin aron murya ya bazu, ko cikin 'yan takara ba a sanya Hepburn ba. Wato mai murya ta rasa suna, mai fuska ta sha zunɗe, kamfani ya kwashe riba.

Indiya ma ta taɓa bin wannan hanya. Faifan waƙar da ta fito da Lata Mangeshkar a fim ɗin Mahal (1949) sunan matar cikin labarin ya ɗauka, ba nata ba. Amma su sun gyara, har suka ware wa mawaƙan bayan fage kyauta tasu.

To, mu fa? Tun daga Turmin Danya (1990) fim ɗin Hausa ya yi ta bunƙasa, kuma da Sangaya ya fito sai waƙa ta zama ita ce mai sayar da kaset. A shagunan hayar kaset na Narayi da Barnawa a wancan lokaci, yaro zai gane Fati Mohammed daga nesa a jikin kwali. Amma mutum nawa ne suka san fuskar Rabi Mustapha, ko Maryam A. Baba, ko Fati Nijar 'yar Maraɗi, waɗanda muryoyinsu suka cika gidajen biki? Ita kuwa 'yar wasa da ke mamin, wato motsa baki a kan waƙar wata, ita ce ke shan tsangwamar jama'a saboda rawa, ita ce kuma idon Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ke kanta.

Laifin da ya rataya a wuyanmu marubuta shi ne, sharhinmu ya tsaya ga fuska da sutura, mun bar baiti. Alhali waƙar fim adabi ce: tana da amsa-amo, da karin murya, da jigo, akwai mai kyau akwai shirme. Duk mai sharhin da bai faɗi wanda ya tsara waƙa da wadda ta rera ta ba, to aikinsa rabi ne. Mu rubuta sunayen nan tun masu su da shaidunsu na raye, kada jikokinmu su tarar da murya ba mai ita.

Allah Ya sa mu gyara, amin.