Masu Karanta Rairayi: Gwanintar Ja-gaban Termit

Idan mutum ya bar Gure, ya juya wa kwaltar Damagaram zuwa Diffa baya ya fuskanci arewa, gonakin gero sukan yi ta raguwa har su ƙare. Sai duwatsun Kutus, sai Tasker, daga nan ƙasa ta buɗe. Can gaba Termit yake, jerin baƙaƙen duwatsu da kwazazzabai suka tsattsaga, gabas da shi kuma rairayin Tin Tumma ne iya ganin ido. A watan Maris na 2012 gwamnatin Nijar ta keɓe yankin ya zama gandun namun daji mai faɗin murabba'in kilomita 97,000, ya taɓo jihohin Damagaram, Diffa da Agadas. Amma tun kafin a shata masa iyaka a takarda akwai masu taka shi da ƙafa, galibinsu Tubawa makiyaya. Cikinsu ne ake samun ja-gaban da baƙo kan miƙa wa ransa.

Iliminsa na farko lissafin ruwa ne. Tambaye shi nisan wuri, sai ya amsa maka da rijiya: kwana biyu zuwa wannan, yini ɗaya da rabi zuwa waccan. Ya san wadda ruwanta ke da zartsi, da wadda kan ƙafe kafin bazara, da yawan gabar igiyar da guga ke bukata kafin ya taɓo ruwa. Salkarsa ta fatar akuya ce, tana ɗan tsattsafo, iska na busar da danshin, ruwan ciki kuwa sai sanyi ko da rana ta take. Kafin a ɗaga ƙafa ya riga ya ƙirga bakunan da za su sha, ya kuma ware na kwana ɗaya don ko ta kwana, tunda ana iya iske rijiya ta rufta.

Sai sanin lokaci. Tafiyar ƙasa a nan ta lokacin ɗari ce. Gamzaki na fitowa an ɗaure kaya, a yi ta taki cikin sanyin asuba har hantsi ya dubi ludayi. Daga nan a nemi gindin aduwa ko inuwar wani dutse a kwanta, sai la'asar sakaliya a sake tashi. Baƙo mai gaggawa yakan ga kamar lalaci ne, bai san gumin da za a zubar da tsakar rana daga salka za a biya shi ba. Rawanin da ja-gaba ke rufe baki da hanci da shi yana tare ƙura, yana kuma rage bushewar maƙogwaro. Faffaɗan takalminsa na fata yana hana ƙafa nutsewa.

Inda ya fi ban mamaki shi ne gano alƙibla a filin da ko'ina iri ɗaya ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, shekara da shekaru, har ta jera tuddan rairayi bisa tsari guda. Ja-gaba yakan tsallake su da karkata iri ɗaya tun safe har yamma, kamar masaƙi yana bin zare. Da dare kuma ga tauraron arewa da ba ya gusawa, ga Kaza da Ƴaƴanta suna gaya masa inda dare ya kai. Da ya shiga kwazazzaban Termit, karatun sai ya sake salo. Zai bi busasshen kori saboda sauƙin taki, amma in damina ce ba zai kwana a cikinsa ba, domin ruwan da ya sauka a kan dutse can nesa yana iya isowa cikin dare ba sallama. Da safe kuwa ba ya zura ƙafa a takalmi sai ya kakkaɓe shi, don kunama.

Sawu a wurinsa wasiƙa ce. Zurfinsa yana nuna ko raƙumi na ɗauke da kaya, bakinsa kuma, in ya fara zaizayewa, yana faɗar tun yaushe aka wuce. Yana bambance sawun dila da na yanyawa, na barewa da na ragon dutse. Wannan ido ya zama abin nema a yau. Tin Tumma na cikin wuraren mafaka na ƙarshe ga adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da kan yi watanni ba ta kai baki ga ruwa ba. A ƙidayar da aka yi cikin Maris na 2016, uku kacal aka gani. Dabbar da ta yi ƙaranci haka, sau da yawa sawunta ne kaɗai shaidar tana raye, kuma sai mai ido yake ganinsa kafin iska ta shafe.

Guzurinsa bai taka kara ya karya ba: dabino, garin gero, cuku, ganyen shayi da sukari. Har zolayar Tubawa ake yi cewa dabino guda yakan kai su kwana uku, yau ɓawo, gobe tsoka, jibi ƙwallo. Da ƙari a maganar, amma ta kama gaskiyar mutumin da ya rage kayan baya don ya san abin da ke gabansa.

Wannan karatu ba shi da allo. Yaro ne ke bin raƙuman gidansu tun yana ƙarami, yana kallo, yana kuskure. Wata rana da almuru, ana jiran shayi ya tafasa, kawunsa zai ce masa, "Kai yaro, ina rijiyar da muka baro jiya?" Ya miƙa hannu ya nuna. In ya karkace, a gyara masa hannun ba tare da faɗa ba. In ya dace, kawu ba zai ce uffan ba, sai dai gobe da asuba ya miƙa masa akalar raƙumin gaba.